Sharhi: Nauyin Kare Yara da ke Wuyan Masu Otal

A shekarar 2003 Nijeriya ta kafa Dokar Kare Haƙƙin Yara, wadda ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Jihar Kano ma ta kafa tata a 2023. Sai dai kafa doka daban, aiki da ita daban, domin yaran karkara da ake kawowa birni aikatau sukan ƙare a wanke-wanke da talla a ƙofar otal-otal, inda ɓata-gari ke fakonsu. Saboda haka, taimakon al'umma ya wuce rabon shinkafa da azumi. Wajibi ne masu otal su daina ɗaukar yara aiki, su tantance shekarun masu kama ɗaki, su kuma tallafa wa makarantun unguwanninsu. Dagatai kuwa su riƙa bincikar inda ake kai yaran garuruwansu.