Kifin Teku Da Lissafin Hanya

Jama'a, akwai wata al'ada da ta kama mu nan Jidda wadda ya kamata mu dube ta. Da zarar baƙo daga Kano ko Maraɗi ya gama Umara ya sauka gidanmu, sai a ji mai masauki ya ce, "Alhaji, taso mu je ka ci kifi, nan kusa ne." To, wannan "nan kusa" ita ce abin maganarmu.

Ba mu ce a hana baƙo kifi ba, ko kaɗan. Mutumin da iyakar saninsa tarwaɗa da busasshen kifin Baga ya cancanci a ajiye masa najil ko hamur ko harid, da sayadiyya, shinkafar nan da ake soya albasarta har ta yi duhu, ga miyar tsamiya a gefe wadda mutanen Hijaz ke kira humar. In ya ga jatan lande ya janye hannu, a tuna masa a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne. Wannan duk karamci ne, mun kuwa gaje shi.

Amma a zo ga lissafi. Daga Jidda zuwa Suwal wajen kilomita 80 ne, sa'a ɗaya ke nan. Rabig, kusa da miƙatin Juhfa, wajen 150, sa'a ɗaya da rabi. Lis ta kudu wajen 200. Yanbu ta haura 300, ba a kai ta ƙasa da sa'a uku sai an yi ganganci. Zuwa kaɗai fa muka ƙirga. A ƙara dawowa, da cunkoson Hanyar Madina kafin a fita gari, da tsayawa salla, da jiran mai suya. Wanda ya tashi bayan La'asar don kifin Yanbu, tsakar dare za ta riske shi bisa kwalta, ya wuni wurin aiki, cikinsa cike da shinkafa, tsofaffi na barci a baya, shi ma yana gyangyaɗi. Haba jama'a! Tun 2010 da aka kafa na'urorin Sahir masu ɗaukar hoton mai gudu, tara ce ke ba mu tsoro, alhali ita ce mafi sauƙin abin da hanyar dare ke jawowa.

Abin mamaki, kifin da muke wa wannan wahala yana ƙofar gidanmu. Ga Bangala, babbar kasuwar kifi, a bakin teku. A kai baƙo bayan Asuba ya ga yadda ake cinikin kamun jiya da dare, ya nuna wanda ransa ke so, a gyara, a soya masa nan take. Masu son shan iska kuma, Zahaban ba ta kai Suwal nisa ba.

Shawararmu ita ce, tafiyar da ta wuce Suwal a bar ta sai Juma'a ko Asabar, ranakun hutu tun 2013, a fita da sassafe, da matuƙa biyu cikin mota. A faɗa wa baƙo sa'o'in kafin ya shiga, ya yarda ko ya ƙi. Ranar da jirginsa zai tashi kuwa, kada a wuce da shi Bangala. Mai son Yanbu ya haɗa ta da ziyarar Madina, ya kwana can.