Keken jariri mai taya uku da yashin Dandin Mahe 🧵

1/ Ranar da na fara tura keken jariri a garinmu Dandin Mahe, yara suka biyo ni kamar mai wasa da kura. Wani dattijo a bakin masallaci ya ce, "Ɗan jami'a, karatun ke nan?" 😂 Ku gyara zama. Ina da ra'ayi kan wannan keke, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba.

2/ Yayata ta haihu a Sakkwato ta hanyar tiyata. Da aka sallame ta aka kawo ta gida wankan jego. Ni kuma ina hutun makaranta, don haka duk aiken gidan ya dawo kaina: sayo magani, kai cajin waya, ɗebo ruwa, korar awaki daga shanya.

3/ A cikin kayan barka dangin mijinta sun haɗo da keken jariri. Kyakkyawa a ido, ruwan hoda, da 'yar rumfa da ƙararrawa. Tayoyi huɗu na busasshiyar roba, kowace ba ta wuce murfin ƙaramin kwano ba. A cikin ɗaki kan siminti, gudu yake kamar an sa masa inji.

4/ Muna fita ƙofar gida ya kafe. Tayoyin gaba suka nutse cikin yashi suka juya gefe. Ka tura ya ƙi, ka ja ya karkace. Ƙarshe ni na ɗauko keken a ka, Inna ta ɗauko jaririyar. Tun daga ranar ya zama wurin jibge wankakkun kaya.

5/ Inna ta samu abin faɗa. "Ku bakwai nig goya da zane da majanyi. Wa ag gurgu cikinku? A sa ɗiyan mutane cikin baro kamar albasa!" Wallahi a lokacin ban da amsa. Sai da na yi kwanaki ina tunani da bincike.

6/ Ga inda na tsaya. A ƙasa irin tamu goyo ne a gaba, keke yana biye. Amma akwai gidajen da keke ke da amfani na gaske. Kuma in za a saya don yashi da turɓaya, a sayi mai manyan tayoyi uku na iska, ko a bar kuɗin a aljihu. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

7/ Mu fara ba goyo haƙƙinsa. Hannun uwa biyu a sake, tana daka tana shara. Yaro na jin ɗuminta da motsinta, ya yi barci. Ba ruwansa da rami, kwata ko dokin ƙofa. Yana shiga mota, yana shiga kasuwa. Ba ya faci. Kuɗinsa zane ɗaya da majanyi.

8/ Abin da muke rainawa wasu sun mai da shi kasuwa. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ann Moore, ta yi aiki a Togo a farkon shekarun 1960, ta ga yadda mata ke goyo. Ta koma gida ta ƙirƙiro jakar goyo mai suna Snugli, ta yi mata rajista a 1969. Goyon iyayenmu ne aka ɗinka wa igiya.

9/ A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a manna bakwaini da jariri marar nauyi a ƙirjin uwa, fata da fata, tun daga haihuwa. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970. Jikin uwa magani ne. Babu keken da zai maye wannan.

10/ To ina keke ya shigo? A wurin Yaya. Wadda aka yi wa tiyata, likitoci kan ce ta yi kamar mako shida ba ta ɗaukar abu mai nauyi. Kuma ku tuna inda ake ɗaure majanyi: a ƙugu, dab da ɗinkin. Na ga ta gwada sau ɗaya. Ba ta ce komai ba, amma na ga fuskarta.

11/ Ga rigakafi na jira: mako 6, mako 10, mako 14. Tafiyar ƙafa ce zuwa asibiti, sannan a zauna layi. Inna na fama da gwiwa. Ƙannenmu mata suna makaranta da safe. Mijin yana wurin aiki a wani gari. Saura wa? Ni, ƙato, da ban iya ɗaura zane ba.

12/ Ku ƙara da mai tagwaye. Da mai goyo ga wani cikin. Da mai ciwon baya. Da kakar da aka bar wa jika. Ko mai girki, da za ta so ta ajiye yaro a inuwa inda take ganinsa maimakon ta sunkuya da shi kan hayaƙin murhu. Waɗannan ba 'yan gayu ba ne, mabuƙata ne.

13/ Mijin Yaya ya turo kuɗi ya ce in nemo wanda zai yi aiki. Na shiga babbar kasuwar Sakkwato, na zagaya wurin 'yan gwanjo. A nan na gane keke mai taya uku ba don ado aka yi shi ba, asalinsa daban ne.

14/ Wani ma'aikacin jarida a Amurka, Phil Baechler, yana son fita gudun motsa jiki da ɗansa, keken da ake da shi kuma ba ya jure hanya marar kyau. Sai ya haɗa wani da tayoyi irin na keken hawa. Daga nan kamfanin Baby Jogger ya fito a 1984. Tun farko don gargada aka yi shi.

15/ Sirrin ba a yawan tayar kaɗai yake ba, a girmanta yake. Dubi kurar 'yan ga-ruwa. Me ya sa ba sa sa mata ƙananan tayoyi? Babbar taya tana hawa kan yashi da tsakuwa, ƙarama tana tona rami ta zauna ciki. Iskar da ke ciki kuma tana shanye girgiza kafin ta kai ga kan yaro.

16/ Don haka ku kula, akwai mai taya uku amma ƙanana na roba. Wannan da mai huɗun duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Wanda nake nufi tayoyin bayansa sun kai na keken yara, kamar inci 16, ta gaba kamar inci 12, kuma ana hura musu iska.

17/ Uku kuma tana da hikimarta. Duwatsun murhu uku ne, shi ya sa tukunya ba ta rawa ko ƙasa ba daidai take ba. Haka keken, duk tayoyin na taɓa ƙasa a kowane lokaci. Taya ɗaya a gaba kuma ta fi sauƙin sarrafawa a siririyar hanya tsakanin gidaje.

18/ Yanzu aibinsa, don ba talla nake ba. Na farko, gabansa siriri ne. In ka sha kwana da sauri, ko ka bi gefen gangare, ko ka hau tudu a karkace, yana iya kifewa ta gefe. Ka rataya jaka mai nauyi a mariƙi, zai ɗaga ta baya. Kaya a kwandon ƙasa ake sa su.

19/ Na biyu, ƙato ne. Da yawansu sun haura kilo 10, kuma ko an naɗe su suna cin wuri. A motar haya ta hanyar Boɗinga, inda but ya cika da buhuna, sai ka roƙi direba. Kan kabu-kabu kuwa kada ma ka fara. In rayuwarki hawa da sauka ce a abin hawa, goyo ya fi miki.

20/ Na uku, tsidau. Duk wanda ya taɓa hawa keke a ƙauye ya san wannan ƙaya. Sau biyu na kai tayar wurin mai faci a wata ɗaya. Sauƙin abin, mai gyaran keke na gari ya iya ta. Tayar busasshiyar roba kuwa in ta tsage, sai dai a yi mata addu'a.

21/ Na huɗu, zaure. Wallahi ku auna faɗin ƙofar zaure da ta ɗaki kafin ku tafi kasuwa. Igiya kawai za ku yanka daidai faɗin ku sa a aljihu. Namu da ƙyar yake wucewa, sai an ɗaga gaba a dokin ƙofa.

22/ In kun je saye, musamman gwanjo, ga abin da na duba. Birki: taka shi, ka tura da ƙarfi, ka ga ko ya riƙe tayoyin baya biyu. Maɗaurin yaro: ya zama mai kama kafaɗu biyu, ƙugu biyu da tsakanin ƙafafu. In ɗaya ya tsinke ko makullin ba ya kamawa, ajiye musu kayansu.

23/ Tayar gaba: girgiza ta, ɗaga keken ka buga ta a ƙasa. Ta zama tana juyawa kuma ana iya kulle ta ta miƙe, don a yashi kullewa ake yi. A 2018 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta shigar da ƙara kan kekunan BOB na kamfanin Britax saboda ƙorafin tayar gaba na ficewa. Irin waɗannan kaya kan ƙare a dilar gwanjo.

24/ Wannan ya fi duka muhimmanci: kwanciya. Jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba, kamar ƙasa da wata shida, a miƙe ake kwantar da shi, a rigingine. In aka zaunar da shi kansa na iya faɗowa kan ƙirji ya takura numfashi. Da yawan masu taya uku ba sa kwantawa sosai. Gwada a gaban mai kaya.

25/ Naɗe shi, buɗe shi, sau uku. Duba mahaɗar ƙarfen, inda yatsan yaro zai iya shiga. Duba tsatsa da walda. In mai kaya ya ce "ai ba ya buƙatar gwaji", nan ne ma ya kamata ka gwada. Kuma kada a yi gudu da jariri a ciki don an ce keken gudu ne. Wannan sai ya yi wayo.

26/ Sai zafi. Mu da muke ganin sama da digiri 40 a watan Afrilu. Abin da kowa zai fara yi shi ne ya lulluɓe keken da zane don rana da ƙura. Nan haɗarin yake. Iska ba ta shiga, ciki ya koma kamar motar da aka rufe, kuma ba ka ganin fuskar yaron.

27/ Masu bincike a Jami'ar Sydney ta Ostireliya sun gwada wannan, sakamakon ya fito a 2023. Rufe keke da busasshen yadi ya ƙara zafin ciki, har kusan digiri 4 a wani gwajin. Jiƙaƙƙen yadi marar kauri da 'yar fanka su ne suka rage zafin. Mu dai da sassafe muke fita, ko bayan la'asar.

28/ Kada kuma a haɗa shi da keken koyon tafiya na katako mai ƙafa uku da kafintocinmu ke yi. Wancan yaro ke turawa da kansa in ya fara tsayuwa. Shi kuwa zagayayyen na roba da ake zaunar da yaro ciki yana yawo, Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda haɗurra. A gida mai murhu a tsakar gida, ku yi tunani.

29/ Maganar kuɗi. Sabo mai kyau da na taya ya wuce mafi ƙarancin albashi na N70,000. Ku tsaya nan. In sayensa zai taɓa abincin mai jego, ko kuɗin awo, ko ajiyar ko-ta-kwana don zazzaɓin dare, a bar shi. Gidan sauro mai magani ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

30/ Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ya fara shiga jerin kayan "dole". An gani a Instagram da TikTok, gidan tayil da kwalta har ƙofa, sai a ɗora wa uban amarya ko sabon ango. A saya don hoton ranar suna, washegari kaza ta yi ƙwai a ciki. Wa aka taimaka?

31/ Kafin a saya, tambayoyi uku. Wa zai tura? Ina za a je da shi? Wace irin ƙasa ce tsakanin ƙofarku da wurin? In amsar ta farko ita ce "uwar, kuma lafiyarta lau", ta biyun kuma "ba ko'ina", to kun riga kun huta.

32/ Akwai abin da ban zata ba. Keken ya ba ni aiki a renon 'yar Yayata. Mu maza ba a koya mana goyo ba, in yaro ya yi kuka miƙa shi muke yi kamar garwashi. Da keken, ni ke fita da ita da yamma, Yaya ta samu barcin awa ɗaya. Ku tambayi mai jego darajar awa ɗaya.

33/ Dariyar da aka yi mini ba ta kai ciwon ɗinki ba. Namijin da ke tura baron albasa zuwa kasuwa ba a ce ya ji kunya ba. Don me tura ɗansa ko ɗan 'yar'uwarsa zuwa rigakafi zai zama abin gori? Samari, wannan tambayar tamu ce, ba ta mata ba.

34/ Yanzu Yaya ta warke, ta koma goyonta, don ta ce ya fi mata sauri. Ban yi musu ba. Keken yana gidan maƙwabciyarmu mai tagwaye: ɗaya a baya, ɗaya a keke. Inna ce da kanta ta ce a kai mata. Har yanzu baro take ce masa.

35/ Masu 'ya'ya da masu ƙanne, ku faɗa mini naku. Wa ya saya ya amfana, wa ya saya ya zama kwandon kaya? Musamman 'yan Shagari, Yabo da Tambuwal, masu yashi irin namu. Allah Ya raya mana su, Ya ba masu jego lafiya. Amin.