Inda Jirgin Kara Yake Tsayawa

Da zarar an gama girbin dawa a ƙauyukan Maiyama, kara ya bushe, sai sana'ar yara ta buɗe. A fere ɓawon, a yanka totuwar gunduwa-gunduwa, a soke wannan a jikin wancan, kafin la'asar an sami mota ko tabarau ko jirgin sama mai fikafikai biyu. A Jega, inda tarkacen kasuwa ke da yawa, gwangwanin madara da waya da tsohon silifa ne ke maye gurbin karan. Babu wanda ya koya musu wannan a aji. Sai dai duk wanda ya ƙura wa jiragen ido zai ga a wuri ɗaya suke tsayawa: da siffa ta fito, aiki ya ƙare. Ba a auna komai ba, ba a shafa launi da wata manufa ba, in ma an liƙa wani abu, to sitikar ƙungiyar ƙwallo ce.

Matakin da ake tsallakewa ɗin nan shi ya fi ɗauke da ilimi, kuma shi ya kamata makarantun Jega da Aliero da Maiyama su karɓa daga hannun yaran, su ƙarasa musu.

A ƙasashen da haɗa ƙananan samfuran jirage ya zama sana'a da nishaɗin manya, ma'auni ne farkon komai. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne 1:72, wato kowane santimita ɗaya a jikin samfurin yana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin gaske. Jirgin A-29 Super Tucano, wanda Rundunar Sojan Sama ta Najeriya ta fara karɓa a 2021 ta ajiye a Kainji da ke maƙwabciyar jihar Neja, faɗin fikafikansa mita 11 ne da 'yan kai. A wannan ma'auni zai dawo kusan santimita 15 da rabi, ƙasa da taƙin babban mutum. Daga nan fenti ya zama lissafi. Idan kaurin fentin da aka shafa wa samfurin ya kai rabin milimita, tamkar an yaɓa wa jirgin gaske yaɓen da ya haura santimita uku da rabi ne. Duk layukan da ke nuna mahaɗar faranti da ƙofofi sun nutse. Shi ya sa masu wannan aiki ke tsinka fenti sosai, su shafa sau uku ko huɗu, suna jiran kowane shafi ya bushe. Yaron da ya gane dalilin haka ya gane abin da ake nufi da rabo da daidaito fiye da wanda ya haddace su don jarrabawa.

Fentin ɓad da kama ya fi wannan zurfi, domin tambaya ce game da ƙasa kafin ya zama batun launi. Jirgin da ke ajiye a fili, ko yake tafiya ƙasa-ƙasa, daga sama ake hango shi, saboda haka ake shafa wa bayansa launin abin da ke ƙarƙashinsa. Cikinsa kuwa daga ƙasa ake ganinsa, sai a ba shi ruwan toka mai haske ko shuɗi-shuɗi, ya saje da sararin samaniya. Dabbare-dabbaren kuma aikinsu su karya siffar, ido ya kasa haɗa fiffike da gangar jiki. To, wane launi ne ƙasar Kebbi in an dube ta daga sama? Amsar ba ɗaya ba ce. A watan Agusta kore ne ya rufe ko'ina. A Janairu jan marmara da farin yashi da ruwan ƙasa-ƙasa na gonakin da aka girbe ne ke mulki, sai zirin kore a fadamar Gulbin Zamfara kusa da Jega, da kuma lambunan albasar Aliero waɗanda ke tsanwa shar a tsakiyar rani. Ga kuma hazon hunturu da ke dusashe kowane launi in an yi nisa. Ɗalibin da aka ce ya zaɓi launi uku da za su ɓoye jirgi a Maiyama a watan Fabrairu, dole ya fita ya kalli garinsu da idon da bai taɓa kallonsa da shi ba. Ya ɗebo ƙasa, ya gauraya fenti, ya gwada a rana, ya gwada a inuwa, ya fara da mai haske kafin mai duhu, ya rufe inda ba ya so da salatif. Labarin ƙasa da kimiyyar haske da haƙuri, duk a kan abin da bai fi tafin hannu ba.

Bayan an sha wahalar ɓoye jirgin, sai kuma a liƙa masa tambarin da zai tona asirinsa. Wannan saɓani tsoho ne, kuma da jini aka koyi darasinsa. A 1914 jiragen Ingila na ɗauke da tutar ƙasarsu, sai sojojin ƙasa suka riƙa ɗaukar gicciyen da ke cikinta a matsayin gicciyen Jamus suna harbin nasu, dole aka koma ga da'ira irin ta Faransa. A 1942 Amurka ta goge jan ɗigon da ke tsakiyar tauraronta don kada a rikita shi da jar ranar Japan. A watan Yuni na 1944, gab da saukar sojojin ƙawance a Normandi, an zana wa jiragensu ratsin fari da baƙi a fikafikai da gangar jiki, aka sadaukar da ɓuya don kada ɗan'uwa ya harbo ɗan'uwa. Da'irar kore da fari da kore da jiragen sojan saman Najeriya ke ɗauke da ita, rundunar da aka kafa a 1964, jikar wannan tarihi ce.

Liƙa tambarin a kan samfuri yana da nasa ladabi. Zane ne a kan fata siririya wadda ke manne da takarda. A tsoma ta a ruwa mai ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi, ta saki, a zame ta da burushi zuwa mazauninta, a danne da ƙyalle a kori ruwa da iska. In an liƙa ta a kan fenti mai kaushi, iska za ta maƙale a ƙasa, gefenta ya yi fari-fari kamar azurfa, kowa ya gane liƙi ne. Don haka sai an fara shafa mai sheƙi, a liƙa, sannan a rufe da marar sheƙi. Wanda ya yi gaggawa zai yage ta, kuma sau da yawa babu ta biyu a cikin kwalin.

Za a ce wannan wasan 'ya'yan masu hali ne, kuma akwai gaskiya a ciki, tunda kwalayen Airfix da Tamiya da kuɗin waje ake shigo da su. Amma robar ba ita ce darasin ba. A 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa samfuran jirage 500,000 a ma'aunin 1:72, don a koya wa sojoji bambance jirgin aboki da na maƙiyi. Da katako aka yi su, aka shafa musu baƙin fenti kawai, sharaɗin shi ne awo ya fita daidai. Katako da kwali da totuwa ba su yi ƙaranci a Kebbi ba. Masu fentin mota da masu zanen bayan manyan motocin da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Yawuri sun san tsinka fenti da rufe gefe tun kafin a haifi ɗaliban, masu buga sitikar babur da Keke Napep kuma za su iya fitar da da'irar kore da fari komai ƙanƙantarta. Ta fuskar addini ma babu abin ɗari-ɗari, domin maganar malamai a kan surar abu mai rai take, jirgi kuwa ƙarfe ne.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. A yankin da 'yan bindiga ke yawo da kakin soja, kuma hukumar soja ta sha gargaɗin farar hula kan sanya shi, wani uba zai ƙi ganin launin yaƙi a hannun ɗansa. Ba a raina wannan fargaba ba, kuma babu dole a fara da jirgin yaƙi: jiragen da ke kwasar alhazai daga filin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi suna da launi da rubutu da lambobin da za su gwada hannun kowa. Sai dai yaron da ke jin rugugin jirgi a saman ƙauyensu ya cancanci ya san abin da yake gani, da ma'anar alamar da ke fiffikensa.

A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu daga tarkacen motoci a Kano, ya zagaya duniya. Tun daga lokacin, kusan kowace shekara sai an ga hoton wani matashi a Arewa tsaye kusa da abin da ya ƙera, a yi ta sa albarka, a yi kira ga gwamnati, bayan mako guda a manta. Hazaƙa ba ta taɓa yin ƙaranci ba. Abin da ba a tanada ba shi ne wurin da wani zai ɗora ma'auni a kan aikin ya ce fiffiken hagu ya fi na dama da milimita biyu, a sake.

Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da ɗaliban injiniya da za su iya wannan a yammacin Asabar, ga makarantun sakandaren ƙananan hukumomin uku kewaye da ita. Abin da ake bukata bai wuce zanen jirgi ɗaya mai cikakken awo da aka buga a takarda ba, da rula, da reza, da gwangwanayen fenti huɗu, da alƙalin gasa wanda zai ba da maki a kan awo da tsabtar layi, ko da jirgin da ya fi kowanne girma ne zai zo na ƙarshe.