Kada Mu Yi Fushi da Sabon Sunan Fure

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi magana a kan gardamar da ta tashi a ajinmu game da sunayen furanni. Waɗansu sun ce masana ba su da aikin yi sai sāke sunaye, su bar mu da wahalar hadda. Ni ma dā haka na ke gani, amma yanzu na sāke ra'ayi.

Sa'ad da na je gwajin koyarwa, na kai wa yara irin modan nan mai dogon ganye da a ke dasawa a tukunya don ƙawa. Na rubuta a allo cewa sunanta Sansevieria, gama haka tsohon littafina ya ce. Da aka tashi, malamin da ya zo duba ni ya kira ni gefe, ya ce tun 2017 aka mai da ita cikin dangin Dracaena. Na ji kunya ƙwarai, na tambaye shi dalili. Ya ce shaidar DNA ce.

DNA wani abu ne cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai, shi ke ɗauke da gādon halitta. Masana su na rubuta shi da baƙaƙe huɗu, watau A, C, G da T. Su kan ɗauki guntun ganye, su fid da DNA, su karanta ɗan yanki, sa'an nan su gwama da na wani tsiro. In baƙaƙen sun yi kusan daidai, to, dangi ne na kusa. A 2009 masana suka yarda a riƙa duba yanki biyu, rbcL da matK, domin gane irin tsiro.

Tun zamanin Linnaeus, wanda ya buga littafinsa na tsire-tsire a 1753, da ido a ke rarraba su, a ƙirga ganyen fure, a dubi 'ya'ya. Amma kama da wane ba ta wane. Ku dubi jan furen hibiskus da ke lambunan makarantu. Tun dā an san ɗan'uwan rama ne da yakuwa da kuɓewa da auduga. Da aka bincika DNA a ƙarshen shekarun 1990, sai aka haɗa su gida ɗaya da kuka da rimi da goro. Wa zai dubi kuka ya ce 'yar'uwar wannan ɗan fure ce?

Akwai amfani kuma ga mai lambu. Dashen da bai yi fure ba tukuna ya na da wuyar ganewa, amma ganye guda ya isa a bincika.

Duk da haka ban ce DNA ya gama magana ba. A gwajin 2009 ɗin nan, yankunan biyu sun rarrabe kimanin iri bakwai ne cikin goma. Furannin da masu lambu suka haɗa aure tsakaninsu su kan fi wuya. Makarantun da za mu koyar kuwa ba su da kayan wannan aiki, sai ido da lambu.

Shawarata ke nan. Mu kai yara lambu, su taɓa ganye, su buɗe furen hibiskus da na kuɓewa, su ga kamannin da kansu. Mu koya musu sunan gida tukuna, sa'an nan na littafi. Mu kuma gaya musu gaskiya, cewa sunan littafi ya kan sāke in sabuwar shaida ta fito. Malamin da ya ƙi gyara domin tsohon littafinsa, yara arba'in zai ɓatar kowace shekara.

Ina roƙon hukumar kwaleji ta sa mu, 'yan ajin ƙarshe, mu duba allunan sunaye na lambunmu kafin hutu, mu gyara waɗanda suka tsufa. Ni na ɗauki na modan.