Abin Da Ƙanƙara Za Ta Koya Daga Filin St Andrews

A shekarar 1978 wani saurayi ɗan Sikotilan mai suna Sandy Lyle, bai wuce shekara 20 ba, ya zo Legas ya cinye gasar golf ta Nigerian Open a filin Ikoyi. Wannan ce nasararsa ta farko tun da ya mayar da wasan sana'a a 1977. Shekara bakwai bayan haka ya ɗauki kofin gasar Open ta Birtaniya, a 1988 kuma ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya ci gasar Masters a Amurka. Mai karatu a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa yana da hujja idan ya ce ina ruwansa da wasan attajirai alhali manomi na tsoron zuwa gonarsa. Ni kuwa ina ganin da ruwansa. Tarihin su Lyle ya nuna cewa gwani yana fitowa ne daga inda yaro yake da filin da ba mai korarsa, sannan da matakalar da zai taka daga unguwa zuwa sana'a. Filin nan shi ne muke ta yankawa muna sayarwa fuloti-fuloti.

An haifi Lyle a Ingila a 1958, iyayensa 'yan Sikotilan ne, mahaifinsa kuma malamin golf ne a filin Hawkstone Park. Yaron ya buɗe ido ya tarar da fili a ƙofar gida, sanda kuma a hannu tun yana ɗan shekara uku. Za a iya cewa ai ɗan gata ne. To a koma baya kan Tom Morris babba, wanda aka haifa a garin St Andrews na Sikotilan a 1821. Ɗan masaƙi ne. Ya fara da ɗaukar wa manya sanduna, ya yi koyon ɗinka ƙwallo a wurin Allan Robertson, daga baya ya ci gasar Open sau huɗu tsakanin 1861 da 1867. Abin da ya haɗa ɗan masaƙi da ɗan malamin wasa shi ne kowannensu yana iya zuwa fili da ƙafa, kullum, ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba.

Filin St Andrews, wanda duniya ke ɗauka a matsayin mahaifar golf, asalinsa makiyaya ce ta gari a bakin teku, rairayi da ciyawar da ba ta noma. Wata takarda ta 1552 ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙinsu na yin golf da ƙwallon ƙafa a wurin. Kuma sun taɓa rasa shi. A 1797 bashi ya ci majalisar garin ta sayar da filin, masu kiwon zomaye suka shiga, aka shafe shekara sama da ashirin ana shari'a da rigima. Sai a 1894 garin ya dawo da mallakarsa ta hanyar dokar majalisa. Har yau filin na jama'a ne, kuma yawancin ranakun Lahadi ana tsayar da wasa a bar mutane su yi yawo a cikinsa. Duk wanda ya san yadda filin makarantar firamare ke komawa shaguna, ko yadda burtali ke shigewa cikin gonar mai ƙarfi, ba zai ji labarin nan baƙo ba. Bambancin kawai su sun ƙwato nasu.

Babbar suka ita ce ta tsaro, kuma ba abin wasa ba ce. Ƙanƙara ce garin da aka shiga makarantar sakandaren kimiyya a daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300. Faskari tana iyaka da Zamfara, Sabuwa da dazukan Birnin Gwari, kuma ƙauyuka da dama sun watse mutanensu sun tattaro cikin gari. Wanda ya ce a fara da tsaro ya faɗi gaskiya. Sai dai gudun hijirar ita ce ta sa maganar fili ta zama ta gaggawa. Jama'a sun ƙaru a hedikwatocin ƙananan hukumomi, fuloti ya yi tsada, kuma fili na farko da ake kai wa hannu shi ne wanda ba shi da mai shi, wato na yara. Ranar da zaman lafiya ya dawo za a iya sake gina aji da asibiti, amma filin da aka yi wa gini ya tafi ke nan. A lokaci guda ga dubban samari da aka raba da gona suna zaune a bakin titi daga hantsi zuwa magariba. Ba na cewa wasa zai hana ɗan bindiga ɗaukar makami. Ina cewa saurayin da ke da ƙungiya da mai horarwa da gasar da yake jira ranar Asabar ya fi wahalar ja zuwa ƙwaya ko aikin kai rahoto daji. Sikotilan ma ta taɓa gwada ɗaya hanyar: a 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta golf da ƙwallon ƙafa don samari su koma koyon harbin baka saboda yaƙi da Ingila. An maimaita dokar a 1471 da 1491, alamar ba a bi ta ba, kuma a 1502 an ga Sarki James na Huɗu da kansa yana sayen sandunan golf.

Suka ta biyu ita ce golf ba namu ba ne, kuma yana shan ruwa da kuɗi. Batun ruwa gaskiya ne, shi ya sa ba na kiran a shimfiɗa ciyawa a Sabuwa. Ko filayen Arewa na zamanin Turawa da yashi da baƙin mai suke daddaɓe bakin rami, don ba ruwan ban ciyawa. Abin da garuruwanmu ke bukata fili ne na ƙwallon ƙafa da kokawa da dambe da langa da tsere. Maganar baƙunta kuwa, Bakatsine ne ya fi kowa sanin amsarta. Polo ma baƙo ne lokacin da Sarki Muhammadu Dikko ya karɓe shi, ga shi ɗansa Usman Nagogo ya yi suna da shi har ƙasashen waje, yau kuma ba mai ce wa ƙwallon dawaki a Katsina wasan Turawa.

Saura matakala, kuma a nan golf ɗin kansa ya shigo. Akwai kulob a Zariya da Kano da Kaduna da Jos, Zariya kuwa ba ta da nisa daga Funtuwa. Masu ɗaukar sanduna a waɗannan wurare 'ya'yan talakawa ne, kuma da yawa daga ƙwararrun 'yan golf na Najeriya ta wannan ƙofa suka shigo. Amma ana barinsu ne su koya a ɓoye, da tsohuwar sanda, idan mai gida ya tafi shan lemo. Paul Lawrie ɗan Aberdeen, wanda ya ci Open a 1999 bayan ya shiga ranar ƙarshe ana gabansa da bugu goma, ya kafa gidauniya a 2001 don koya wa yara wasan da shirya musu gasa. Kulob ɗinmu na iya yin ƙaramin irin wannan ba tare da jiran gwamnati ba: rana ɗaya a mako ta yaran sanda, da gasa mai lada a ƙarshen shekara. Gasar Nigerian Open da Lyle ya ci, wadda Vijay Singh ɗan Fiji shi ma ya ɗauka a 1988 kafin ya zama na ɗaya a duniya a 2004, ta zama tsani ga baƙi ne saboda sun zo da shirinsu daga gida.

Aikin da ke kan shugabannin ƙananan hukumomin nan uku bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma iko a kan filayen da ba na birni ba, har da keɓe su don amfanin jama'a. A zauna da hakimai da dagatai da shugabannin makarantu, a auna filin wasa na kowace mazaɓa, a kafa masa duwatsun iyaka, a rubuta takarda da sunan al'umma, a ajiye kwafi a ofishin hakimi da ma'aikatar filaye a Katsina. A fara da filayen makarantun cikin gari, don su ne dillalai suka fi sa wa ido.