Sharhi: Aringizon ƙuri'a a akwatin Google



Akwai wata dabara da ke yawo a hannun masu harkar intanet, ana koyar da ita a bidiyoyin YouTube, ana sayar da darussanta a zaurukan WhatsApp, kuma duk matashin Mafara ko Bakura ko Maradun da ya fara tunanin buɗe shafin intanet zai ci karo da ita ko ba jima ko ba daɗe. Ga yadda take. Kana da shafinka, kana so ya riƙa fitowa a sama idan an nemi wani abu a Google. Sai a ce maka ka buɗe wasu ƙananan shafuka a gefe, biyar ko goma ko ashirin, kowanne da sunansa, kamar ba su san juna ba. Ka zuba musu ɗan rubutu, sannan kowanne ya riƙa nuna babban shafin naka yana cewa can kaya suke. Wai da haka Google zai ɗauka kai shahararre ne, ya ɗaga ka sama, masu ziyara su yi ta kwarara, kuɗin talla su biyo baya.

Tunanin yana da asali. A 1998 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford da ke Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa Google. Kafin zuwansu injinan bincike sun fi dogara da ƙirga kalmomi: shafin da ya fi maimaita kalmar shinkafa shi ke fitowa idan an nemi shinkafa. Su kuwa suka ce a tambayi sauran shafuka. Duk lokacin da wani shafi ya sa mahaɗi, wato rubutun nan mai launin shuɗi da kake latsawa ya kai ka wani wuri, sai a ɗauka ya jefa wa wancan wurin ƙuri'a. Wanda ya fi tara ƙuri'u shi ne a sama, kuma ƙuri'ar babban shafin da jama'a suka yarda da shi ta fi ta ƙarami nauyi. Wannan tsari shi suka kira PageRank.

To da zarar an ambaci ƙuri'a, mu nan ba sai an ja mana dogon bayani ba. Yankin da ya fitar da gwamnonin Zamfara uku, Ahmad Sani Yariman Bakura da Abdul'aziz Yari na Mafara da Bello Matawalle na Maradun, ko yaro mai tallar rake a tasha ya san harkar zaɓe. Saboda haka idan na ce wannan dabara aringizon ƙuri'a ce, kowa ya gane. Mutum ɗaya ne ya yanki katin zaɓe ashirin, yana canza hula yana komawa layi, yana zaɓen kansa.

Mun kuma ga wani abu da idonmu wanda wasu jihohi a rediyo kawai suka ji shi: ana iya jefa ƙuri'a, a ƙirga, a yi shagali, daga baya a ce ba ta shiga lissafi ba. Ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jam'iyyar APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani a Zamfara ba, don haka ƙuri'un da aka jefa mata sun tashi a banza. Ba siyasa ta kawo ni ba, kuma waɗancan ƙuri'u mutane ne na gaskiya suka jefa su. Abin da nake so a riƙe shi ne, mai tara ƙuri'a daban, mai cewa ta halatta daban. A intanet kuwa Google shi ne hukumar zaɓe, shi ne kotu, in za ka ɗaukaka ƙara ma wurinsa za ka kai.

Kuma ya daɗe yana yanke irin wannan hukunci, har a kan waɗanda suka fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. A watan Fabrairun 2006 ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga sakamakon bincike gaba ɗaya, saboda an kama shi da shafukan yaudara da aka cika da kalmomi don injin bincike ya gani, mutum kuwa yana latsawa a tura shi wani wuri. Sai da kamfanin ya gyara aka mayar da shi. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa katafaren kantin nan na Amurka, JC Penney, yana fitowa na ɗaya a binciken riguna da zannuwan gado da dardumai ne saboda dubban mahaɗai da aka shuka a ƙananan shafukan da ba ruwansu da tufafi. Kantin ya ce bai san an yi ba, ya kori kamfanin da ke yi masa aikin, amma duk da haka Google ya jefa shi can ƙasa inda ba mai zuwa. A 2012 ya fito da wata matata mai suna Penguin don tace mahaɗan bogi, daga 2016 kuma ta koma aiki ba dare ba rana, inda galibi ba ta ma tsayawa hukunta ka, sai dai ta ƙi ƙirga ƙuri'un kawai. A watan Maris na 2024 ya ƙara wasu dokoki: ya hana sayen tsohon sunan shafin da ya mutu don a ci gajiyar mutuncinsa, ya kuma hana zuba rubuce-rubuce barkatai don neman matsayi, ko mutum ya rubuta su ko ƙirƙirarriyar basira.

Wani zai ce, ai Malam har gobe ana yi, kuma wasu na ci. Gaskiya ne. Ana ci na ɗan lokaci, musamman a harkar caca da magungunan bogi, inda mai shafin ya san in an rufe yau gobe zai buɗe wani da sabon suna. Amma kai da sunanka da na gidanku ke jikin sana'arka, ba ka da wannan damar. Ga kuma wahalar ɓoye sawu. Shafuka ashirin da suke zaune a ma'ajiya ɗaya, lambar karɓar kuɗin tallarsu ɗaya, salon rubutunsu ɗaya, ba mai ziyartarsu, kuma duk yatsunsu wuri ɗaya suke nunawa, wa za su ruɗa? Kifi na ganinka, mai jar koma.

A yi lissafin kuɗi ma. Kowane ƙaramin shafi sai an saya masa suna, sai an biya masa hayar ma'ajiya, kuma shekara na zagayowa a sake biya. Sunan da ya ƙare da .ng ana samunsa ta hannun dillalan hukumar NiRA da naira, amma na .com farashinsa dala yake bi, kuma kowa ya san inda naira ta kwana tun daga watan Yunin 2023. Sannan ga data, ga cajin waya da kwamfuta a garin da wuta sai ta ga dama. Google kuma ba ya biyan kuɗin talla sai abin da ka tara ya kai dala 100.

Sai dai ba tsoron kamu ne babbar hujjata ba. Hujjata ita ce, an ƙirƙiri wannan dabara ne don kasuwar da ta cika maƙil. A Amurka ko Ingila, kamfanonin inshora ɗaruruwa ne ke kokawa a kan kalma ɗaya, kowa ya rubuta duk abin da za a rubuta, shi ya sa wasu ke neman ta bayan gida. Mu fa? Wa kake kokawa da shi?

Mai sauraro ya gwada da wayarsa yau. Ya rubuta Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, ya ga abin da zai fito. Mafi yawa labarin baƙin ciki ne: 'yan matan Jangebe 279 da aka sace a Fabrairun 2021, harin Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agustan shekarar, ɗaliban makarantar Kaya ta Maradun a farkon Satumba. Waɗannan abubuwa sun faru, Allah ya kiyaye gaba, kuma ba wanda ya ce a ɓoye su. Amma a lura da yadda suke fitowa. Jarida ɗaya ko biyu ne suka aiko wakili ko suka buga waya, sauran kuwa ƙananan shafuka ne da suka kwafe labarin kalma da kalma, suka canza kanun, suka jera talla a kai. Mai shafin yana Legas ko Abuja, ko a mafarki bai taɓa bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato ba. Wato dabarar da ake koya wa yaranmu, mu ne muka fara ɗanɗana kuɗarta. Ita ce ta sa baƙo ke ganin kamar ba abin da ake yi a nan sai jana'iza.

Yanzu a juya. A nemi farashin buhun shanshera a kasuwar Mafara ta Talatar da ta wuce. A nemi ranar da za a saki ruwa a magudanan Bakolori, ko ɓangaren da ake gyara, ko wanda za a tuntuɓa a ƙungiyar masu amfani da ruwa. A nemi lokacin da albasa ke fitowa, da kuɗin mota daga Bakura zuwa Sakkwato, da wanda ke da injin casa mai cire tsakuwa. Da wuya a samu amsa mai gamsarwa, balle da Hausa. Madatsar ruwan Bakolori da aka kammala tun 1978, aka tsara ta shayar da hekta 23,000 a tsakanin waɗannan ƙananan hukumomi uku, aka zo aka sake gyara magudananta da rancen Bankin Duniya ƙarƙashin shirin TRIMING, amma abin da aka rubuta a kanta yawanci rahoton turawa ne da binciken jami'a. Rikicin 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, akwai dattawan da suka gani da ido suna raye, kuma ba a naɗi bakin mafi yawansu ba. Duk wannan fili ne fetal. Wanda ya fara shiga da shafi ɗaya tak, yana sa farashi duk Talata da yamma ba fashi, ba ya buƙatar aringizo, don ba shi da abokin takara. In ya ɗore, ɗan jarida a Kaduna zai ambace shi, ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu zai kafa hujja da shi, kuma irin waɗannan ƙuri'u su ne Google ke nema tun farko.

Akwai kuma tambayar da masu sayar da darasi ba sa yi: wa kake so ya same ka? Manomin Bakolori ba Google yake tambaya ba. Waya yake bugawa, ko ya saurari rediyo, ko ya ji a majalisa, matasa kuma suna Facebook da TikTok da WhatsApp. Mun ma ga ranar da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara a watan Satumban 2021, aka shafe makonni ba mai iya buɗe shafin kowa, kasuwanci kuma ya koma baki da baki. Mai nemanka a Google baƙo ne: dillalin hatsi a Dawanau, mai gidan abinci a Abuja, uban da ke Kebbi yana son sanin yadda ake shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ko Jami'ar Jihar Zamfara da ke nan Mafara. Shi wannan baƙon amana yake nema, ya ga suna ɗaya, lambar waya ɗaya da ake ɗauka, hoton shago na gaskiya, da kwanan watan da ke nuna jiya aka sabunta. In ya tarar da shafuka biyar masu sunaye daban-daban duk suna kai shi lamba ɗaya, abin da zai fara zuwa ransa ɗan damfara ne. Kuma yana da hujja, domin da irin wannan hanya ce 'yan damfara ke buɗe shafukan bogi masu kama da na makarantu da na ɗaukar aiki, su karɓi kuɗin fom a hannun yaran talakawa su ɓace.

Ban ce shafi na biyu haramun ba ne. Idan kana sayar da shinkafa kuma kana koyar da kwamfuta, sana'o'i biyu ne, masu nemansu daban, raba su ba laifi. Makaranta kan ware shafin ɗaukar ɗalibai daban da babban shafinta, hukuma kan buɗe shafi na musamman don wani shiri mai wa'adi. Ma'aunin mai sauƙi ne. Da a ce babu Google a duniya, za ka buɗe wannan shafin? Akwai mutumin da zai shiga ya amfana ko da bai taɓa ƙarasawa babban shafinka ba? In amsar e ce, bismilla, kuma ka rubuta ƙarara cewa duka naka ne. In kuwa amsar a'a ce, katin zaɓen bogi ka yanka.

Ga ƙanina mai shagon kwamfuta da 'yan kasuwa ke zuwa wurinsa suna cewa a sa su a intanet: kafin ka karɓi kuɗin Alhaji ka buɗe masa shafuka goma, fara sa shagonsa a taswirar Google. Kyauta ne, kuma shi ke fara fitowa idan baƙo ya tsaya a bakin titi yana neman masauki ko kantin magani ko mai gyaran mota a Mafara. Sa sunan garin yadda mutane ke rubuta shi, Talata Mafara da Talatan Mafara duka, da Hausa da Turanci, don dillalin Legas da na Maraɗi ba harshe ɗaya suke bincike da shi ba. Kuɗin da za a kashe wa shafuka tara na bogi, a ba yaro ɗaya mai hankali ya riƙa shiga kasuwa ranar Talata da biro da takarda, ya zagaya layin hatsi da na dabbobi da na kayan gwari, ya dawo da farashi kafin magariba.