Ƙwallon Ƙafa Da Zargin Shan Ƙwaya: Wa Ake Kamawa, Wa Ke Tsira?

Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba za su manta da daren 25 ga Yuni, 1994 ba. A daren nan ne 'yan wasan Nijeriya suka kara da na Ajantina a filin Foxboro, kusa da birnin Boston na Amurka, a gasar cin kofin duniya ta farko da ƙasarmu ta halarta. Samson Siasia ya fara jefa ƙwallo a raga tun ba a cika minti 10 ba, muka yi ta tsalle a gaban talabijin, sa'an nan Claudio Caniggia ya zura biyu, aka tashi 2 da 1. Da aka hura usur ɗin tashi, sai muka ga wata ma'aikaciyar lafiya ta shigo fili ta riƙe hannun Diego Maradona, suna tafe yana murmushi, ta kai shi ɗakin da ake karɓar fitsarin 'yan wasa domin gwaji. Bayan 'yan kwanaki hukumar FIFA ta sanar cewa an sami efedirin da wasu magunguna danginsa a fitsarin. Efedirin yana ƙara kuzari, yana kuma taimakawa wajen rage ƙiba, Maradona kuwa yana da shekara 33 a lokacin, ya kuma zo gasar a rame ƙwarai bisa ga yadda aka san shi. Aka kore shi daga gasar, aka dakatar da shi wata 15. Wasanmu da su shi ne na ƙarshe da ya buga wa ƙasarsa.

Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne, ba a taɓa sakamakon wasan ba. Ajantina ta riƙe makinta uku. Wannan ya nuna mana yadda ƙwallon ƙafa yake ɗaukar maganar ƙwaya tun da daɗewa, wato laifi ne na mutum ɗaya, a hukunta shi a wuce wurin. Har wa yau dokar hukumar WADA, wadda aka kafa a 1999 domin yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, ba ta tilasta a hukunta ƙungiya sai an kama 'yan wasanta fiye da biyu a cikin gasa ɗaya.

FIFA ta fara gwajin ƙwaya a gasar kofin duniya ta 1966 a Ingila. An kama Ernst Jean-Joseph na Haiti a 1974, da Willie Johnston na Sikotilan a 1978, da Ramon Caldere na Sifen a 1986, sa'an nan Maradona. Daga 1994 har zuwa gasar Katar ta 2022 ba a sake korar wani ɗan wasa daga gasar maza saboda ƙwaya ba. Shugabannin ƙwallo sukan nuna wannan su ce wasansu tsarkakakke ne. Sukan ƙara da cewa ƙwallo wasan gwaninta ne da basira, babu ƙwayar da za ta koya wa mutum yanka ko kai ƙwallo ƙafar ɗan'uwansa.

Gaskiya ne ƙwaya ba ta koyar da gwaninta, amma wannan hujja ba ta isa ba. Ɗan wasan tsakiya a manyan ƙungiyoyin Turai yakan yi gudun kilomita 10 zuwa 12 a wasa guda, yakan kuma buga wasa 50 ko fiye a kaka ɗaya, sau da yawa kwana uku ne kawai tsakanin wannan wasa da wancan. Gwanin da bai gaji ba a minti na 85 ya fi gwanin da ya gaji. Wanda ya warke daga rauni cikin mako biyu ya fi amfani ga mai ƙungiya a kan wanda zai yi wata guda a kwance. Ga kuma kuɗi. Ƙasar da ta ci kofin duniya a 2022 ta karɓi dala miliyan 42 daga FIFA, ban da abin da 'yan wasa suke samu a ƙungiyoyinsu. In ana shan ƙwaya a tseren keke da guje-guje, inda kuɗin bai kai haka ba, ƙaƙa za mu gaskata cewa ƙwallo ne kaɗai jarabar ba ta shiga ba?

Abin da ya faru a Italiya ya isa misali. A 1998 wani mai horarwa, Zdenek Zeman, wanda yake riƙe da ƙungiyar Roma a lokacin, ya fito fili ya ce lokaci ya yi da ƙwallon ƙasar zai fita daga kantin magani. Wani mai gabatar da ƙara a birnin Turin, Raffaele Guariniello, ya ɗauki maganar da muhimmanci ya soma bincike. A ɗakin ajiyar ƙungiyar Juventus aka tarar da magunguna iri 281, abin da masana suka ce ya isa ƙaramin asibiti, alhali masu shan su samari ne lafiyayyu. Binciken ya kuma tona cewa ɗakin gwaje-gwaje na Roma, inda ake kai fitsarin 'yan ƙwallo, bai kasance yana bincika yawancinsa yadda ya kamata ba. Aka rufe wurin na wani lokaci, shugaban kwamitin Olamfik na Italiya, Mario Pescante, ya yi murabus. A 2004 kotu ta yanke wa likitan Juventus, Riccardo Agricola, hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da wata 10. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi. A 2007 kotun ƙoli ta tabbatar da sallamar a kan zargin amfani da EPO, amma a kan ɗura wa 'yan wasa sauran magunguna ta ce wa'adin da doka ta ba da na yin hukunci ya riga ya wuce. Shekara tara ana shari'a, ba wanda ya shiga kurkuku, ba kofin da aka karɓe saboda wannan magana.

A Sifen ma haka aka yi, har ya fi. A 2006 'yan sanda suka kai samame wuraren wani likita, Eufemiano Fuentes, a Madrid, suka sami jakunkunan jini fiye da 200 da aka ɗiba daga jikin 'yan wasa aka ajiye a sanyi, domin a mayar musu gab da gasa. 'Yan tseren keke da yawa sun sha hukunci. Amma sa'ad da aka gurfanar da likitan a 2013, ya gaya wa kotu da bakinsa cewa cikin masu zuwa wurinsa akwai 'yan ƙwallon ƙafa da 'yan tanis da 'yan dambe. Kotu ba ta nemi ya faɗi sunayensu ba, ta ma ba da umarni a lalatar da jinin. Sai a 2016 wata kotu ta soke umarnin ta ce a miƙa jakunkunan ga masu yaƙi da shan ƙwaya, a lokacin kuwa shekara 10 sun shuɗe, damar hukunta kowa ta wuce. Ba a hukunta ɗan ƙwallo ko ɗaya a kan wannan al'amari ba.

Yana da kyau mu fahimci dalilin da ya sa gwaji shi kaɗai ba ya kashe maganar. EPO magani ne da aka yi domin masu ciwon ƙoda da masu ƙarancin jini. Yana sa jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu kai iska ga tsoka, saboda haka mai shan sa ba ya saurin gajiya. Ba a sami hanyar gano shi a fitsari ba sai a shekarar 2000, ko yanzu ma alamarsa takan ɓace cikin 'yan kwanaki, amfaninsa kuwa yakan daɗe makonni. Wanda likita ya ƙware a bayansa ya san ranar da zai sha da ranar da zai daina. Shi ya sa aka ɓullo da wata dabara ta ajiye tarihin jinin kowane ɗan wasa domin a ga in ya sauya ba dalili, FIFA kuma ta yi amfani da ita a gasar Barazil ta 2014. A 2015 aka bayyana wani bincike da hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta sa aka yi a kan fitsari 4,195 na 'yan wasa 879 daga 2008 zuwa 2013. An sami 68 a cikinsu, wato kashi 7.7 cikin 100, waɗanda sinadarin ƙarfin namiji a jikinsu ya saɓa wa yadda aka saba gani. UEFA ta ce wannan ba shaidar shan ƙwaya ba ce, gama akwai wasu abubuwan da ke iya jawo haka. Ta yi gaskiya. Amma kuma ba shaidar tsarki ba ce.

To, 'yan'uwa, kada wannan ya sa mu riƙa nuna kowane ɗan wasa mai gudu da yatsa. Hausawa sun ce zato zunubi ne, tarihin ƙwallo kuwa cike yake da mutanen da aka ɓata wa suna a banza. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Meziko a 2011, an sami kilenbutarol a fitsari 109 daga cikin 208 da aka gwada, a ƙungiyoyi 19 cikin 24. Da aka bi sawu sai aka gane naman shanun da yaran suka ci ne, domin wasu masu kiwo suna ba dabbobi maganin don su yi tsoka. Ba a hukunta kowa ba. Pep Guardiola, sa'ad da yake wasa a Brescia a 2001, an dakatar da shi wata huɗu a kan nandirolon, bai daina neman hakkinsa ba har kotu ta wanke shi a 2007. Mamadou Sakho na Liverpool ya rasa wasan ƙarshe na kofin Europa da kuma gasar ƙasashen Turai ta 2016 da aka yi a ƙasarsa Faransa, daga baya UEFA ta kori ƙarar, a 2020 kuma WADA ta roƙe shi gafara ta biya shi diyya. Diyya ba ta mayar masa da wasannin da suka wuce shi ba.

Akwai kuma waɗanda sakaci ya kayar. Doka ta ce ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba, wanda kuma aka tabbatar da gangan ya sha yana iya fuskantar dakatarwar shekara huɗu. Kolo Toure na Kwaddibuwa ya yi wata shida a waje a 2011 saboda ya sha ƙwayar rage ƙiba ta matarsa. Andre Onana, golan Kamaru, an dakatar da shi shekara ɗaya a 2021 bayan ya sha maganin matarsa bisa kuskure, kotun wasanni ta duniya ta rage zuwa wata tara. Paul Pogba na Faransa an yanke masa shekara huɗu a farkon 2024, kotun nan ta rage zuwa wata 18 bayan ta yarda ba da niyyar maguɗi ya sha abin da aka ba shi ba.

In muka jera waɗannan labarai gefe da gefe za mu ga inda gizo yake saƙa. Wanda ya haɗiyi ƙwaya ɗaya daga jakar matarsa an kama shi, an buga sunansa a duniya. Inda aka tarar da ɗaki cike da magani ko firji cike da jini, shari'a ta yi ta jan ƙafa har ta mutu a hanya. Komar tana kama ƙananan kifaye, manya suna yaga ta su wuce. Muddin likitan da ke duba ɗan wasa yana karɓar albashi daga hannun mai ƙungiya, wanda burinsa shi ne yaron ya shiga fili ranar Asabar ko ta halin ƙaƙa, to, zargin nan ba zai kau ba. Muddin kuma hukumomin da ke cin ribar wasan suna da hannu a gwajin 'yan wasansu, mutane za su ci gaba da tambaya.

Abin da ya fi damunmu ma ya wuce maganar kofi, gama jikin mutum ne ake caca da shi. EPO yana sa jini ya yi kauri, abin da ke iya jawo bugun zuciya ko shanyewar jiki. A 2011 wasu tsofaffin 'yan wasan Aljeriya, cikin waɗanda suka je kofin duniya a 1982 da 1986, suka fito suka ce da yawansu sun haifi 'ya'ya masu naƙasa, suka roƙi a binciki ƙwayoyin da likitocin ƙungiyar suka riƙa ba su da sunan bitamin. Ba a tabbatar da cewa ƙwayoyin ne sanadi ba, amma abin tausayi shi ne su kansu ba su san abin da suka haɗiya ba. Ko magungunan kashe zafi da doka ba ta hana ba suna da nasu haɗari. Daniel Agger na Denmak ya yanke jiki ya faɗi a 2015 bayan an fitar da shi daga wasa a ƙungiyar Brondby, daga baya ya bayyana cewa ya daɗe yana shan irin waɗannan magunguna fiye da kima domin ya iya shiga fili.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Tun daga 1 ga Janairu, 2024, WADA ta haramta tiramadol a lokacin gasa, wato taramol ɗin nan da muka san irin ɓarnar da ya yi wa matasa a garuruwanmu na Arewa. Yaron da ya saba haɗiyarsa kafin wasan unguwa don kada ya ji gajiya ko zafin rauni, yana lalata lafiyarsa tun yanzu, ran da kuma sa'a ta kai shi babbar ƙungiya, gwajin farko zai iya mayar da shi gida. Muna kira ga iyaye, da masu horar da ƙungiyoyin matasa a unguwanni da makarantu da ikilisiyoyi, su koya wa yara abu ɗaya tun suna ƙanana: duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ko allura, ko likita ne, ko koci, ko wakilin da ya yi alkawarin kai ka Turai, ka tambayi sunanta da amfaninta, ka rubuta ka ajiye. In ya ƙi faɗa, kada ka sha. Ran da sakamakon gwaji zai fito, sunan yaron ne za a karanta a rediyo, shi ne kuma zai zauna da wannan jiki bayan tafi da sowa sun ƙare.